Na Gano Abin da Ke Kashe Motarka, Malam Bitrus

Zuwa ga aminina, Malam Bitrus,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na ɗauki biro zan rubuta "da fatan kana lafiya" kamar yadda aka saba, sai hannuna ya ƙi. Na san takardar nan ba za ta isa gare ka ba, ba kuma za ka bi rubutuna da jan biro ba irin yadda kake yi wa ɗalibanka. Amma akwai labarin da kai ya kamata ka fara ji, ga shi ba ka nan. Na gano abin da ke kashe motarka.

Ka tuna yadda take yi mana? Muna cikin tafiya lafiya lau, inji na rera kukansa, sai ɗif, kamar an zare makulli. Ba tari, ba fizga. Mu gangara gefen titi, mu buɗe bonet, mu zauna. In ta huce ka murɗa, ta tashi kamar ba ita ba. In ka kawo ta garejina kuwa, ta wuni tana aiki ba ko gezau. Kai ka ce tana jin tsorona ne. Ni kuwa kunya nake ji, don duk Gwarzo an san ni da gyaran wutar mota, ga motar babban abokina ta gagare ni.

Me ban canza ba? Na canza filogi. Na wanke kabureta, duk da raina ya ba ni ba matsalar mai ba ce, don motar da mai ya yanke mata sai ta yi ta shaƙewa kafin ta mutu. Na sa sabon kwayil. Na canza ɗan akwatin nan da ke ba kwayil umarnin sakin wuta. Kowane karo sai ta yi makonni lafiya, mu ce an rabu da ita, sannan wata rana da zafin rana ta ajiye mu a hanyar Kabo. Burinka ɗaya: in ka yi ritaya daga koyarwa, ka tuƙa ta da hannunka har ƙauyenku a Filato, 'yan'uwa su ga ba ka yi zaman Kano a banza ba. Na ce maka kafin lokacin zan kama ta. Sai ka faɗi a aji, aka kai ka asibiti, daga can ba ka dawo ba.

Bayan an share makoki, matarka Maman Rifkatu ta aiko aka kira ni. Ta ce za ta koma gida wurin danginku, kuma a motarka za ta tafi. Masu sayen ƙarfe sun zo sun taya, ta kore su. Ɗanku Ishaya ya zo daga wurin aikinsa don ya tuƙa ta. Na gaya mata gaskiya, cewa motar nan ba ta da amana, kuma a hanyar can akwai dazukan da ba a so mota ta tsaya wa mutum. Ta dube ni kawai, ta ce ai ka sha gaya mata Garba zai gyara. Malam, me zan ce mata?

Na zauna na yi tunani, na ga inda muke kuskure. Kullum sai ta farfaɗo nake duba ta, lokacin da ciwon ya ɓuya. Dole in kama ta tana a mace. Sai na ɗauki ƙwan fitilata na gwajin wuta da sifana da galan na ruwa, na shiga hawa da sauka tsakanin Gwarzo da Kabo da tsakar rana, ni kaɗai. Hularka tana nan kan kujerar baya. Ban taɓa ta ba.

Ta ja mini rai kwanaki, sannan ta mutu gab da shiga Kabo. Na yi tsalle na fita, na ɗaga bonet, na zare babbar wayar kwayil na kusantar da bakinta jikin inji don in ga ko wuta za ta yi tsalle. Sai na ji bakina ya ce, Malam, murɗa. Na tsaya ina jira. Wallahi na jira ka. Da na leƙa na ga kujerar direba ba kowa, sai na durƙusa a gaban motar na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ka.

Wani dattijo da ke dawowa daga gona da fartanya a kafaɗa ya tsaya yana tambaya ko lafiya. Bai taɓa riƙe makullin mota ba, amma na nuna masa, ya zauna a wurinka ya murɗa. Inji ya juya, wuta babu ko ɗigo. Na ɗora ƙwan gwaji, na ga wutar batir tana isa kwayil daram. Ke nan ba daga makulli ba ne, umarnin ne ba ya zuwa. Na jiƙa tsumma na ɗora kan ɗan akwatin, dattijo ya murɗa, shiru. Na sake jiƙawa na naɗe jikin distirbuta, inda ake raba wa filogi wuta, muka ɗan jira. Yana murɗawa ta tashi. Dattijon ya firgita ya saki makulli yana salati. Da kana nan da ka yi dariya har da hawaye.

A gareji na kwance distirbutar. A can ciki akwai wata 'yar siririyar waya da ke ɗauko saƙo zuwa akwatin. Na sha ganinta, robarta sumul, ba ƙuna, ba tsaga. Wannan karon na ja ta a hankali, sai ta miƙe kamar danƙo. Ashe jan ƙarfen ciki ya daɗe da tsinkewa, robar ce kawai ta riƙe bakunan suna taɓa juna. In inji ya yi zafi roba ta saki, sai su rabu. In ya huce su sake haɗuwa. Abin da ya wahalar da mu shekaru ke nan, Malam, bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Na canza ta, na yi ta zagaye da motar a rana har Kutama da Kara, ba ta sake yi ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk tsayuwar nan da muke yi a bakin hanya, bakina ne kawai yake mita. Ina ka ga muna da lokacin zama in ba ita ta zaunar da mu ba? A nan ka ba ni labarin duwatsun garinku da sanyinsu, a nan na gaya maka damuwata kan 'ya'yana. In lokacin salla ya yi, kai kake ɗauko mini ruwan alwala daga but ɗin motar, ka koma gefe ka yi shiru har in idar. Lokacin da uwargidana ta rasu, ka zauna tare da ni a tabarmar gaisuwa tun daga farko har aka tashi, har baƙi suna tambaya ko kai wana ne. Ban ce a'a ba. Amma kai ban taɓa buɗe baki na ce maka haka na ɗauke ka ba. Me ya hana ni? Ina ganin akwai sauran lokaci.

Labarin gari kuwa, damina ta yi kyau, dawar da ka shuka a gonar aro ta ƙauyen Jama'a ta fitar da kai, Ishaya ya bar wa mai gonar. An kawo wani matashi ajinka, yara sun ce yana da kirki amma ba ya ba da labari. Mai shayin bakin tasha har yanzu in ya gan ni sai ya ɗauko kofi biyu, sannan ya mayar da ɗaya.

Maman Rifkatu da Ishaya sun tafi makon jiya da safe, an ɗaure katifu a saman mota. Kafin magariba Ishaya ya bugo waya ya ce sun sauka lafiya, motar ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, mutanen ƙauye sun fito suna shafa ta suna kuka. Ya kamata in yi murna, ko? Na yi hamdala dai. Amma aikin hannuna ne ya kwashe mini abin da ya rage naka a garin nan.

Kafin ta shiga mota, Maman Rifkatu ta bar mini amana ɗaya. Ta ce tunda a nan ka kwanta, cikin mutanen da ka koyar, kada in bar ciyawa ta rufe ka. Ban san irin addu'ar da kuke yi ba, ba kuma zan yi maka ƙarya in ce na sani. Zan dai zo da fartanyata, in share, in ɗan zauna. Gobe in Allah ya kai mu zan fara.

Ka huta lafiya, yayana.

Naka har kullum,
Garba mai wutar mota, Gwarzo