Yayana Ya Dasa Min Bishiyoyin Kasko a Gona

Assalamu alaikum Malam Baballe. Don Allah ka taimake ni da shawara, kaina ya ƙulle, kuma a gidanmu babu wanda zan kai wa kukana bai kwashe da dariya ba.

Ni matashi ne daga wani ƙauye kusa da Kadawa. Na yi difloma a Kano, na dawo gida babu aiki. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gonar rani a bakin kanal, ba a raba ta ba, yayanmu Sammani ne ke riƙe da ita. Bana ya yanka min gefe guda, ya ce in sa tumatir in tsaya da ƙafata. Ni kuwa Malam, tun ina yaro nake ganin tumatir yana ruɓewa a bakin titi idan kasuwa ta faɗi. Ban yi karatu don in dawo ina roƙon dillali ya ɗauki kwandona ba.

A intanet na ga wata fasaha ta mutanen Japan da ake kira bonsai. Ana rainon bishiya a ɗan kasko marar zurfi, a rage mata saiwa, a lanƙwasa rassanta da wayar tagulla, ta tsufa amma tsayinta bai wuce gwiwa ba. An ce manyan mutane suna ajiye ta a ofis. Wadda ta tafi da hankalina ita ce mapul, mai ganye kamar tafin hannu, da ke komawa ja jawur idan sanyi ya shigo. Na samu wani mutum a Legas mai sayar da ƙananansu, mutumin kirki, har oga yake ce min. Ya sako min su a mota cikin kwali. Na sa maginiyar tukwane ta yi min kasake, na kafa rumfar zana a gefen da aka ba ni, na jera su.

Tun ranar ban huta ba. Iya, mahaifiyarmu, ta leƙa ta ce ai wannan rama ce ta ƙi girma. Duk wanda ya zo wucewa tambayarsa ɗaya, me take haifa, kuma ana miya da ita. Samarin gari suka sa min suna Sarkin Dajin Kasko. Ban kula su ba, don gefen ganyen ya fara yin ja-ja. Na ɗauki hoto na tura wa mutumin Legas, ya ce alama ce mai kyau.

Sai na tafi Kano bikin abokina. Da na dawo, Malam, kasake na tarar a kife. Wai Yaya Sammani ya ce shi ba zai iya kallon shuka tana yunwa a gonar ubansa ba. Ya kwance musu wayar, ya tumɓuke su, ya dasa a jere a kan kunya, ya barbaɗa musu takin yuriya, ranar da aka sako ruwa ya cika musu fangali kamar shinkafa. Iya ce ma ta zuga shi, wai ɗaure itace da waya kamar ɓarawo zalunci ne, Allah zai tambaya. Kafin in ankara duk sun bushe.

Raina ya ɓaci, na faɗa masa magana a gaban 'yan ƙwadago. Na ce mutumin da iyakar duniyarsa kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ba zai taɓa gane abin da ya fi kwando ba, jahilci ne ke damun gidanmu. Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Washegari ya aiko Iya ta gaya min irin tumatirin da ya yafa ya kusa wuce dashe, idan ban dasa ba zai ba Mudassiru mijin ƙanwarmu gefen nawa.

Mutumin Legas ya ce laifin yayana ne, kuma yana da waɗansu manya da suka fi ƙwari, amma in hanzarta don ana rububinsu. Kullum sai ya kira. Ina tunanin in nemi a raba gado, in jinginar da kasona in sayo su, wannan karon in ajiye a ɗakina. Iya sai kuka take yi. Shin ba ni da gaskiya? Kuma wace irin ƙasa ta fi dacewa da mapul?

Naka,
Mai Hangen Nesa, daga yankin Kadawa.

Wa alaikumus salam, Mai Hangen Nesa.

Bari in fara da jinjina maka. A yankin da kowa ke rana yana neman yadda shuka za ta girma ta yi 'ya'ya, kai kaɗai Allah ya ba basirar neman wadda ba ta girma, ba ta haihuwa, ba ta inuwa. Wannan ba ƙaramin tunani ba ne. Difloma ba ta faɗi ƙasa banza ba. Sannan ina yaba kyakkyawan zatonka: mutumin da ba ka taɓa gani ba ya ce maka oga sau biyu, ka ba shi amanar da ka hana wanda ya goya ka.

To yanzu zauna mu yi magana.

Na tambayi masu sayar da furanni a Kano, na kuma ɗan yi karatu a kai. Mapul itacen ƙasar sanyi ne, sanyi na gaske, wanda ke sa ruwa ya zama ƙanƙara. Sai ya zubar da ganye ya yi barci na watanni kafin ya sake tohowa. Namu sanyin na Disamba, da ke sa ku hura karan dawa da safe ku tuɓe riga da azahar, ba ya isar sa ko gyangyaɗi. Idan kuwa ya kai watan Afrilu, lokacin da kwalta ke narkewa a hanyar Zariya, sai dai ka yi masa addu'a. Jan da ka gani a gefen ganye, wanda ka ɗauki hotonsa da murna, ƙuna ce. Itacen yana mutuwa kana tafa masa. Da mutumin naka ya sayar maka da zurma ma ya ce mapul ce, da ya fi yi maka adalci, don da yanzu tana nan a raye.

Saboda haka Sammani bai kashe maka komai ba. Gawa ya tarar, ya yi mata sutura, ya binne ta a kan kunya har da yuriya. Ba na cewa ya kyauta. Bai kamata ya taɓa kayanka ba ka nan ba, kuma abin da ya yi da gaske ɓarna ce a wannan sana'a, don ko tsamiya ce aka raina a kasko, ka cika mata fangali ka watsa mata taki ka gama da ita. Manomin rani haka yake, ya ga ganye ya yi laushi hannunsa ke ƙaiƙayi, maganinsa biyu ne tak, ruwa da taki. Amma duba abin da ya kai shi. Ya ga shukar ƙaninsa tana wahala ya ɗauki fartanya. Kai ka ga yayanka cikin taɓo ka ɗauki baki, a gaban mutanen da yake ba umarni. Ya ci gaba da aikinsa. Ka ɗauka ba shi da amsa ne, alhali ya ba ka ita ta bakin Iya, kuma ta fi taka zafi.

Zancen raba gado kuwa, haƙƙinka ne, babu malamin da zai hana ka. Sai dai na daɗe a kasuwa, ban taɓa ganin gonar bakin kanal da aka jinginar don cinikin biri a sama ta dawo hannun mai ita cikin daɗin rai ba. Za ka wayi gari wani yana ban ruwa a gefen ubanka, kai kana ɗaki kana yi wa busasshen kara fifita. Ka ce a ɗaki za ka ajiye su. Ɗakin kwano ne ko na ƙasa? Ko wanne ne, kabari kawai ka sauya musu.

Ga shawarata. Ka je wurin Sammani tun kafin irin nan ya yi ƙwari, ka ba shi haƙuri a gaban 'yan ƙwadagon da ka zage shi a gabansu, ba a zaure ku biyu ba. Ka durƙusa wa Iya. Ka dasa tumatirin. Idan tsoron faɗuwar kasuwa kake yi, kuma tsoro ne mai hujja, raba gefen ka sa albasa ko tattasai, ka koyi shanya tumatir. Mudassiru bai yi maka laifi ba, amma ina tabbatar maka ya riga ya wasa fartanyarsa.

Ita bonsai ɗin ban ce ka bar ta ba. Sana'a ce mai kyau ga mai haƙuri, ko da yake wasiƙarka ba ta nuna kana da shi ba. Mai koyo da itacen garinsu yake farawa: tsamiya, kuka, cediya, durumi, bagaruwa. Ka bi bakin kanal za ka ga ƙananansu sun fito da kansu, wasu ma awakin garinku sun shekara suna yi musu aski, sun yi kututture sun gajarce, rabin aikin an gama maka kyauta. Ka tono biyu ko uku, ka huda gindin kasakenka, ka haɗa ƙasa da yashi mai tsakuwa, ka ajiye a tsakar gida inda Iya za ta saba da su. Ka bar waya sai sun kama. Wasu za su mutu, haka ake koyo, amma ba za su tafi da gona ba. Ka kuma sani shekaru ake yi kafin a samu wadda za a nuna wa baƙo, kuma a tsakanin nan ciki ba ya jira.

Allah ya huci zuciyar yayanka, ya share wa Iya hawaye, ya ba ku rani mai albarka. Shi kuma mutumin Legas, idan da gaske ana rububin kayansa, ina yake samun sararin kiran ka kullum?

Malam Baballe