Goshin Yaya da Mujallar Matan Iran

Daren Talata, unguwar Hindawiyya

Yau ni Bala, da ko sauro sai na ba shi haƙuri kafin in kore shi, na fasa wa Yaya Sani goshi da butar shayi.

Tsohuwar mujallar matan Iran ce sila. Wata dattijuwa 'yar Tehran ta ba 'yata Hafsa ita a Arfa, ta ce uwarta ta yi rubutu a ciki tun kafin juyin juya hali. A kanta Hafsa take rubutun kammala jami'a. Ni ma na leƙa. Haruffan Larabci ne, amma da karatuna na aji huɗu, hotuna kawai na gane.

Yaya ya ga hotunan mata ba lulluɓi, ya keta mujallar gida biyu, ya ɗauke Hafsa da mari har leɓenta ya fashe. Tana ce wa baffan nata, "Ammi, bincike ne wallahi!" ya sake ɗaga hannu. Ban san lokacin da butar ta bar hannuna ba. Jini har kan sufrar cin abinci, ɗinki huɗu.

Hajiyarmu ta yi waya: "Ya waladi, gobe ka je ka sumbaci kan yayanka."

Zan je. Daidai kan ɗinkin zan sumbata, kuma zan danna.