Gishirin da Ke Kan Ƙanƙara

Zuwa ga ɗiyata Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya a can ƙarshen arewacin duniya. Yau Laraba, bazara ta kama sosai. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi ma sai na jingina yake daidaita, amma na sha kunu, na yi salla a zaune. Alhamdu lillahi.

Saƙonki ya iso, cewa zuwan da kika alkawarta bana ba zai yiwu ba. Na ji kuka a muryarki, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Na gode da kika yi mini bayanin aikinki ba tare da kin raina tsufana ba. Ga abin da na riƙe, in na kauce ki gyara mini. Wata da watanni rana ba ta fitowa a can, gishirin teku yana kwance kan ƙanƙara shiru. Da haske ya dawo, sai wani sinadari, buromin, ya tashi daga gishirin nan ya shiga cin sinadarin ozon da ke cikin iskar kusa da ƙasa, ba na can sama mai yi mana garkuwa daga mugun hasken rana ba, cikin 'yan kwanaki ya kusa ƙarar da shi. In ba a auna a lokacin ba, sai baɗi. Buromin na san shi tun muna kwalejin horon malamai, jan ruwa mai wari a kwalba. Ban taɓa zaton ɗiyata za ta bi shi har makwancinsa ba.

Gwaggonki Hajo ba ta gane ba. Ta zo daga Maiyama tana faɗa: "Yaya, yarinya ta bar ubanta kwance ta tafi neman gishiri? Ga shi tuli a kasuwar Jega!" Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Kin tuna gonarmu ta Aliero? Da ganyen albasa ya kwanta, marigayiya innarki ba ta zuwa suna ba ta zuwa biki, ko da na gidansu ne. Cewa take, albasa ba ta san uzuri ba. Ke kuma kina biye da ita da ɗan kwando, kin ƙi komawa inuwa. Yanzu taki albasar ce ta kwanta, Rabi. Ki tsaya ki cire ta.

Ba zan ɓoye miki ba, ina son ganin fuskarki, kuma ban sani ba ko zan kai baɗi. In ban kai ba, kada kowa ya ɗora miki laifi. A fili na rubuta don dangi su karanta: ni na ce ki zauna, kuma na yafe miki duniya da lahira.

Allah ya tsare mini ke daga sanyin nan, ya sa albarka a abin da kike aunawa, ya jiƙan innarki.

Ni ne mahaifinki,
Malam Umaru, Sabon Garin Jega

Af, yayanki ya ce zai zo yau da babbar wayarsa don in gan ki a ciki. Tun hantsi na sa farar rigata na fito zaure. Ga shi an kira magariba, bai zo ba.