Inna Tana Sadaka da Maganin Idonta

Anti Fiddausi, ki taimake ni kafin in yi abin da zan yi nadama, don wallahi raina a ɓace yake.

Mahaifiyata tana Gwandu, ni ina aiki a Kalgo. Tana da hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi, na dama muke lallaɓawa da maganin ɗigawa safe da dare. Duk zuwanmu asibiti sai likita ya ce hawan bai sauka ba, har ya fara maganar tiyata. Na zargi maganin, na zargi mai kemis, na yi wa ƙanena Ɗalha tas a kan ba ya tuna mata.

Ashe Inna ce ta zama likitar unguwa! Rannan na je ba zato, na tarar maƙwabciyarmu Dije ta kwantar da jikanta a cinyar Inna, Inna tana lalube tana ɗiga masa. Wai idonsa ya yi ja. Mai apolo, mai ƙaiƙayi, wanda haki ya faɗa wa a gona, duk nan suke zuwa, tunda an ji maganin babban asibiti ne. In kwalba ta ƙare sai ta yi gum har in kawo wata. Da na yi faɗa, wai ita ba ta iya hana maƙwabci abin da ke hannunta. To idonta fa? Mutane ba kunya, suna kallon tsohuwa tana laluben bango suna ƙarar mata da magani! Niyyata in je in ci wa Dije mutunci a gaban kowa, in kwaso Inna zuwa Kalgo ko tana so ko ba ta so.

'Yar Inna, Kalgo

'Yar Inna, fushinki yana kan hanya. Ganin da wannan ciwo ya ɗauke ba ya dawowa, kuma magani ba ya aiki in ana tsallake kwanaki. Amma Dije ba mugunta ta yi ba, rashin sani ne. Inna kuwa, tun da ido ya raunana ita ake yi wa komai. Kwalbar nan ce kaɗai ta rage mata da za ta yi wa wani alheri. In kin ci mutuncin maƙwabtanta, ita za ki bari da kunya.

Fara da likita. Ki faɗa masa gaskiya kafin ya yanke hukuncin tiyata, domin shi a tunaninsa tana ɗigawa kullum. Sannan kwalbar ta koma hannun Ɗalha, a ajiye ta wuri mai sanyi. Ya ɗiga mata bayan alwala, kada ruwa ya wanke, ta rufe ido ta danne gefensa ta wajen hanci na ɗan lokaci.

Ki daina ce mata ta ji tausayin kanta, ba za ta ji ba. Ki gaya mata cewa wasu magungunan wannan ciwo suna toshe numfashi, suna rage bugun zuciya, musamman ga yara da masu asma. Abin da ta ƙi bari don idonta, za ta bar shi don jikan Dije.

Allah ya ba ta lafiya, ya bar mata idon da za ta ga kin huce.