Fayif ɗin Da Na Haɗa Ya Zubar Wa Maƙwabcina Da Haƙora

Salamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin ka ɓoye sunana, ka ɓoye shi sosai, don idan ya fita ba shawara za ku ba ni ba, salla za ku yi min. Na san rabinku za ku ce ƙarya nake, to ku zauna ku ji yadda gishiri ya cire wa dattijo haƙora biyu, ya yage wa ƙato kunne, ya kawo motar 'yan sanda uku ƙofar gidana. Shawararku nake nema don Allah, Juma'a kawai aka ba ni.

A McLeansville muke zaune, nan ƙasar Turawa, gidan da babu ruwan gwamnati, rijiya ce da famfo a bayan gida. Ni da matata da mahaifinta, Baba, wanda ya yi shekarunsa yana noman rani a gida kafin mu ɗauko shi. Tun da ya zo ya mayar da bayan gidan lambu, yakuwa, kuɓewa, rama, attaruhu, idan ka ga yadda yake lallaɓa su sai ka ce su ne jikokin. Ni kuwa foklif, motar ɗaga kaya, nake tuƙawa a sito, amma a gida injiniya nake kiran kaina, don babu bidiyon gyara da ban kalla ba.

Bara da zafi ya tsananta rijiya ta fara ja baya, famfo yana tari kamar tsohon mashayi, madam tana faɗa wai Baba na shanye ruwan wanka da lambunsa. Sai na ce ku tsaya, ai ruwan injin wanki asara yake tafiya, bari in juyo shi lambu. Na leƙa bayan ɗakin wanki na ga fayif biyu, na ce duk ruwa ne, na haɗe su wuri ɗaya, na binne, na kai har gindin yakuwa. Baba ya sa min albarka ranar har sau uku. Abin da ban sani ba, ɗayan fayif ɗin na injin tace ruwa ne, wannan da muke ɗura wa buhunan gishiri don kada ruwa ya ɓata tukwane. Ashe duk bayan 'yan kwanaki yana wanke cikinsa, ya amayar da ruwan gishiri zalla.

Bana lambu ya ce ga garinku. Ganye ya ƙone ta baki-baki, ƙasa ta yi fari kamar an barbaɗa mata hoda. Baba ya ɗauka yunwa ce, ya dinga lafta taki da kashin kaji, abin yana ƙara lalacewa. Wata safiya kuma ya hango maƙwabcinmu Malam Issaka, ɗan zongo ne daga Gana, yana barbaɗa gishiri a gindin shinge. Dodon koɗi bawan Allah yake kashewa, amma dama suna 'yar tsama da Baba a kan wa ya fi iya lambu. Baba ya ɗanɗana ƙasa ya ji gishiri, ya ce shi ke nan, an yi masa asiri. Ni kuma da bakina da ba ya zama lafiya, na ce ai Baba mutanen zongo ba a wasa da su, hararar mutum ɗaya tana busar da rijiya. Wallahi tsokana nake yi.

Baba ya kira babban ɗansa, Yaya Sabo, a waya yana kuka. Yaya Sabo direban tirela ne, mutumin da idan ya shigo falo sai fitila ta rage haske. Ranar Asabar bayan la'asar ya iso, ko sallama bai yi ba ya tsallake shinge. Ya shaƙe Malam Issaka, ya yi masa karo da ka, ya bi shi da ƙotar shebur a baki. Na ga haƙora a kan ciyawa da idona, jini ya wanke gaban jallabiyarsa. Dattijon ma ba baya ba, ya rarumo manjagara ya sauke wa Yaya a kunne, kunnen ya rataya. Baba yana daga wannan gefe yana jifa da hoge, matar Malam Issaka ta fito da muciya. Na shiga rabo, na samu marin da har yau ban san mai shi ba, kwana biyu ina jin ƙarar jirgi. Baturiyar da ke tsallaken titi ta kira 'yan sanda, suka kifa Yaya a ƙasa, gwiwa a gadon baya, ankwa a hannu. Yanzu an ba da belinsa yana waje, kotu na jiransa. A masallaci kuwa an daina haɗa kafaɗa da Malam Issaka a sahu, yara suna ce masa mai gishiri.

Bayan sati biyu ina tsaye a lambun da ya mutu, na ji injin tace ruwa ya fara gurnani, na ga ruwa yana ɓulɓulowa daga fayif ɗina. Na lakata na sa a baki. Jama'a, da za a jefa kifin teku a ciki zai ce ya dawo gida. Ashe ni ne mai gishirin. Na ciro fayif ɗin ban gaya wa kowa ba, na ce Allah ya rufa asiri.

Bai rufu ba. Gidan Malam Issaka yana gangare da namu, matarsa ta ce shayi ya canza ɗanɗano, sai ya kai ruwan rijiyarsa gwaji. Aka ce masa gishiri ya hau, sinadarin taki ma ya hau, kada a ƙara haɗa wa jaririyar jikarsa madara da shi. Matar da ta yi gwajin ta yi masa bayani cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san shinge ba, abin da maƙwabci ya zuba zai iya gangarowa ya taru, kuma gishiri ba ya ruɓewa, sai an daina zubawa an jira. Malam Issaka ya leƙo ta shinge, ya ga ramin da na tone, ya bi layinsa da ido har bangon ɗakin wankinmu.

Jiya na kai masa katan-katan na ruwan gora, ina 'yan kame-kame wai sadaka ce. Ya karɓa, ya ce ya san komai. Ya ce ba ya son ganin Yaya Sabo a kurkuku, zai ma roƙa masa sassauci, amma sunansa yake so a wanke. Ko in tashi bayan sallar Juma'a in faɗa da bakina a gaban Baba da jama'a, ko shi ya faɗa da takardar gwaji a hannu.

To ya zan yi? Idan na faɗa, Baba zai san ni na kashe masa lambu kuma na zuga shi, madam za ta san ina kallo aka sa wa yayanta ankwa saboda injiniyancina, Yaya Sabo kuwa kunne ɗaya da rabi ya rage masa, kuma ya san hanyar gidana. In fara gaya wa madam ne a ɗaki? In samu liman ya tsaya tsakani? Ko in tashi a masallacin kawai, tunda can aƙalla akwai masu riƙe shi? Masu cewa in gudu kada ku wahalar da yatsunku, na duba, tirela ta fi motata gudu.

Na dai gwada roƙon Malam Issaka, na ce Malam ka tausaya, wallahi idan na faɗa Yaya Sabo sai ya zubar min da haƙora. Ya buɗe baki ya nuna min giɓinsa, ya ce: "Injiniya, biyu ne kawai. Na riga na gwada maka, ana cin tuwo da sauran."