Ranar da Yatsan Baba Ya Kasa

Gagarawa, cikin watan Cika-ciki, shekara ta 1343 daga Hijira.

Zuwa ga yayana Ishaƙ ɗan Barau, a zangon Kumasi.

Sallama da gaisuwa mai yawa, tare da girmamawa, daga ƙanwarka Turai. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rakiyya da jariri, Ya sa albarka a fataucin goronka, Ya tsare ku daga zazzaɓin kurmi. Malam Hudu limaminmu ne ke rubuta mini, na kuwa ce masa kada ya rage ko kalma ɗaya, ko da ya ga maganar ta yi tsawo. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai, har gonar bakin fadama da kake cewa ba ta da amfani bana ta ba ka kunya. Iya tana nan da ciwon gwiwarta, amma bakinta garau yake, kaji ma ba su tsira ba. Baba kuwa ba ya kwance, sai dai ba Baban da ka bari ba ne. Idanunsa sun yi rauni, hannunsa na rawa, in zai sha fura ni nake riƙe masa ƙwarya. Maganarsa ce ta sa na nemi a rubuta maka.

Ka san 'yar bindigar hannun nan ta kakanmu Cindo, wadda wani Balaraben Tarabulus ya ba shi saboda ya fitar da ayarinsa daga daji lokacin da suka ɓata hanya tsakanin Damagaram da nan. Ka san ba a taɓa nuna ta ga ɗan Adam ba, ba a kuma sa mata harsashi. Albarushi kawai ake ɗura mata a buga sama in an haifi ɗa namiji na fari a gidan nan. Iya har yau tana ba da labarin sunanka, yadda ƙarar ta sa ragon suna ya tsinke igiya, aka bi shi har bakin rijiya, malamai na zaune suna jira. Ka kuma san ƙa'idar da Cindo ya bari: ba a raba ta cikin gado. Mai ita yana riƙe da ita muddin babban yatsansa na iya ɗana kunamarta. Ranar da ya kasa, sai ya ɗora ta da ransa a hannun namijin gidan da ke gabansa. Wanda ba ya nan ba a ajiye masa.

Bari in gaya maka yadda ni mace na kai ga taɓa ta. Da farkon damina Goggo Safara'u ta zo daga Sule Tankarkar duba Baba. Ka san Goggo, ba ta iya ganin abu baƙi ta ƙyale shi. Tana kakkaɓe ɗakinsa ta zaro bindigar daga kubenta, ta ga ƙarfen ya yi duhu, sai ta ce kaico, ashe ba mai kula da yayanta. Ta samo toka da ruwan tsamiya ta dirje ta kamar tasar tuwo, ta ɗauraye, ta mayar cikin kube da danshinta, ta zauna tana jiran yabo. Da Juma'a ta zo Baba ya ɗauko ta don ya shafa mata mai kamar yadda ya saba, yatsunsa suka ji kaushi. Tsatsa ta ci ta ja wur daga baki har kunama. Wallahi Yaya na zaci gidan zai kama da wuta. Amma bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana shafa ta, sannan ya ce wa Goggo duhun nan da ta wanke ba datti ba ne, man hannun ubansu ne da nasa. Goggo ta fashe da kuka, ta ƙi cin abinci, sai da shi da kansa ya koma lallashinta.

Da yake hannunsa ba ya iya aikin, sai ya zaunar da ni a gabansa. Ya ce ba ba ni ya yi ba, aron hannuna ya yi. Ya hana ni yashi da dutsen guga, ya ce tsatsa da mai da haƙuri ake fitar da ita. Bappa Sajo ya aiko mana da man jimina daga kasuwar Maigatari, don Baba ya ce man shanu yana tsami ya jawo tururuwa. Kullum da hantsi nakan shafa, in bar ta ta sha, in goge da tsohon tsumman saƙi. Lungunan da yatsa ba ya shiga da gashin kaza nake bi. Ya koya mini kwance ƙanƙararta, dutsen da ke ƙyasta mata wuta, da mayar da ita cikin 'yar fatarta, ya nuna mini inda azurfar ƙota ta ɗago, ya ce in bi ta a hankali kada tsumma ya fizge ta. In na yi gaggawa yana ji daga ƙarar gugar, sai ya buge mini hannu kamar ina 'yar shekara bakwai. Ni da na aurar da 'ya! Amma ban taɓa jin daɗin zama da Baba kamar na kwanakin nan ba. Yana ba ni labarin Cindo, yana dariya, har waƙar ayari ya yi mini da muryarsa ta tsufa.

Ana cikin haka fataken Gumel suka kawo albishir cewa Rakiyya ta haifi namiji. Baba ya sa aka kira dangi, Bappa Sajo ya zo daga Maigatari da 'ya'yansa, maƙwabta suka cika ƙofar gida. Na ɗura albarushi yadda ya koya mini, na miƙa masa. Ya tashi tsaye cikin farar rigarsa, ya ɗaga ta sama, ya ɗora babban yatsa a kan kunama ya ja. Ba ta motsa ba. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta fito, hannun na karkarwa, ta ƙi. Kowa ya san abin da ke nan, kowa kuma ya san namijin da ke gabansa Bappa ne, ƙaninsa, kuma in ta tafi Maigatari ba za ta dawo ɗakinka ba.

Ban san lokacin da na matsa ba. Na yi kamar ina gyara masa hannun riga, na ɗora yatsana a kan nasa, muka ja tare, ta ɗanu. Ya buga, ƙara ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, mata suka rangaɗa guɗa. Bappa na tsaye dab da mu, ba yadda za a yi a ce bai gani ba. Amma da na dube shi sai na tarar ya juya yana yi wa wani yaro faɗa a kan akuya. Da yamma da zai hau jakinsa ya kira ni gefe. Ya ce shi bai ga komai ba, kuma ba zai gani ba har a kai dawa rumbu. Bayan nan kuwa, ya ce, ba zai iya ci gaba da makanta ba, don ƙa'idar ta ubansa ce, ba shi da ikon karya ta, ko da ba ya kwaɗayin bindigar. Kada ka riƙe shi a zuciya, Yaya. Ya yi mana iyakar abin da zai iya, idonsa ma cike yake da hawaye.

Da mutane suka watse na shiga na tarar da Baba zaune, bindigar a cinyarsa, yana murza yatsan nan da ɗaya hannun. Bai yi mini godiya ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Ka san kai ɗan fari ne, tun da aka haife ni ban taɓa jin ya kama sunanka ba, sai dai ya ce mutumin Kumasi, ko wancan mai goron. Ran nan ya kira sunanka da bakinsa. Ya ce in sa a rubuta wa Ishaƙ, a ce masa ubansa ya gaji. Na fita bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah.

Na san hanya da nisa, na san kaka ce lokacin cinikinku. Amma an ce yanzu jirgin ruwa na kai mutum Ikko, na ƙasa ya kawo shi Kano, daga nan kuwa ƙafarka ta san hanya. Ni zan ci gaba da shafa mata mai duk Juma'a, tsatsa ba za ta sake kusantar ta ba. Abin da ba zan iya ba shi ne in tsayar da dawa a gona, ko in tsayar da rawar hannunsa.

Iya tana gaishe ka, ta ce ka taho mata da goro fari. Goggo Safara'u tana gaisuwa, ta ce kada ka yi mata dariya in ka zo. Bappa Sajo da iyalinsa, da 'yata Asama'u da mijinta, da Malam Hudu, duk suna gaisuwa. Ka gaishe da Rakiyya, ka shafa mini kan jariri, Allah Ya raya shi cikin Musulunci. Ka taho, Yaya, tun yana iya miƙa maka ita da kansa.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka mai jiran ka,
Turai 'yar Barau.