Hujin da ke bayan kujerar Ngozi

Zuwa ga Shugaban Hukumar Gudanarwar asibitinmu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ne Sabi'u Ɗanladi na Rikkos, mai awon ɗakin injin gashin ciwon daji, wanda aka dakatar makon jiya. Sau biyu na rubuto ta ofis, shiru kamar an shuka dusa, shi ya sa na fito fili.

Aikina kullum da safe in ɗauki mitar awon hasken injin in zagaya ɗakin nan. Hasken da injin ke fitarwa ido ba ya ganinsa, hanci ba ya jinsa. Yana ƙona ciwo, amma in ya riƙa dukan mai lafiya yau da gobe, illa ce. Don haka aka yi bangon da kauri, aka sa wa ƙofar darma. Shekara goma sha ɗaya ina wannan zagaye, ban taɓa sa hannu a kan awon da ban yi ba. Da wannan nake tinƙaho, kuma ba na ɓoyewa.

Na ɗaya. Ina hutu masu gyara suka huda bangon don zura bututun sanyaya injin. Daga baya suka canza hanya, suka toshe hujin da guntun bulo, suka yi filasta, suka shafe da fenti. Aiki tsaf a ido! Da na dawo na kai mita wurin, sai ta kama kuka. Bayan hujin nan kuwa ofishin kati ne, daidai kujerar Ngozi mai ba marasa lafiya kati. Tana da juna biyu, kuma nan take zama tun safe har la'asar.

Na biyu. Na gaya wa manaja. Ya yi dariya, wai ai nan Jos ne, ƙasar kuza, ko yashin gini ka kai wa mita sai ta yi kuka. Haba! Ni za a koya wa kuza? A ramin kuza mahaifina ya tsufa, a kan tulin ƙasar da aka wanke na yi wasan yarinta. Gaskiya ne yashinmu yana motsa mita, amma yashi ba ya jiran a kunna inji. Sau uku na gwada: a kashe, mita ta kwanta, a kunna, ta tashi.

Na uku. Da na ga ba a da niyya, na kinkimi teburin Ngozi da kaina na kai baranda, na garƙame ofishin da kwaɗo. Laifina ke nan. Takardar dakatarwa ta ce na wuce gona da iri, na tsorata ma'aikata. To, na amsa, kuma gobe ma haka zan yi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne jiya na sami labari an ɓalle kwaɗon an mayar da Ngozi ciki, wai zaman baranda bai dace da martabar asibiti ba. Baiwar Allah ta koma kujerarta don tana tsoron rasa aikinta.

Roƙona, ranka ya daɗe, a fitar da ita daga ofishin nan yau, kafin a sake kunna injin. A kira masana daga waje su auna, a cike hujin da kankare mai kaurin bangon. Ban ce a sallami marasa lafiya ba, wasunsu daga nesa suke zuwa. Batun komawata aiki kuwa, a bar shi a ƙarshe, ba ya gudu.

In kana shakkar maganata, ka zo da kanka ka zauna a kujerar, mita a hannunka, a kunna injin. In ta yi shiru, a gabanka zan rubuta takardar barin aiki. In ta yi kuka, kai za ka dubi Ngozi ka ce mata ta ci gaba da zama.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya ba ka ikon yin adalci, ya sauki Ngozi lafiya.

Wassalam.

Sabi'u Ɗanladi,
Rikkos, Jos.